Abarbar Inna Bakwai a Kogin Mekong

Tun da muka dawo ban sha shayi ɗaya cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a markaz ɗinmu, wato majalisarmu ta unguwar Bani Malik, bayan la'asar, kafin in kai kofi baki wani zai ce, "Ammu Haruna, wai da gaske kasuwarsu a kan ruwa take ci?" Wani ya ce, "Wai da gaske wata mata ta ƙona takarda saboda kai?" Na ba da labarin har murya ta dushe, kuma kullum sai Usman Ɗan Sudan ya katse ni ya zuba gishirin da babu shi a miyar. To ga shi na rubuta. Karatuna aji uku ne, na ukun ma rabinsa ta taga na yi shi, saboda haka wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa. Abin da na sani shi ne, a takarda Usman ba zai iya katse ni ba.

Ga wanda bai san ni ba, a Jidda aka haife ni. Kakana ne ya taso daga ƙasar Katsina da ƙafa ya zo hajji, bai koma ba. Na yi dako a tashar jiragen ruwa har bayana ya ce halas, wato ya isa haka, sannan na buɗe ɗan shago a Balad, tsohuwar kasuwar gari, ina sayar wa alhazai turare da carbi da darduma. A nan na yi suna. Ba don kyau ba, wanda ya gan ni ya sani. Ba don ilimi ba. Don ciniki. Duk wanda zai sayi firji ko kayan ɗakin 'yarsa a unguwarmu sai ya ɗauke ni a mota. Akwai wani Bayamane mai sayar da sari, da ya hango ni yake shigewa bayan shago ya ce a ce ya tafi salla, ko da ƙarfe tara na safe ne. Ban gina gida ba, ban tara komai ba. Wannan sunan shi ne dukiyata.

'Yar Usman ce ke aiki a wani ofishin tafiye-tafiye, ita ta samo mana tafiyar ayari mai sauƙi. Mu shida 'yan markaz da matanmu, mutum goma sha biyu. Na zaci Turkiyya za mu kamar kowa, sai ta ce Biyetnam. Na ce ina ne kuma nan? Ta ce ƙasan Sin kaɗan. Aka raba aiki: Malam Idi zai ja mu salla, ni kuma bakin ayari, ko allura ba wanda zai saya sai ta hannuna. Daɗi ya kwashe ni, na miƙe a gaban jama'a na ce babu kasuwar da za ta ci ni a ƙarƙashin sama.

Usman ya ajiye kofinsa. Shekara talatin muna tare, bai taɓa barin maganata ta wuce lafiya ba. Ya kira ni da sunan da ake kiran irinmu Hausawan Saudiyya, ya ce, "Ya Takari, kasuwannin tudu ka sani. Wannan ta ruwa ce. Ranar da ka biya kuɗin da mai kaya ya faɗa da farko, ka sauka, ni ne bakin ayari, kuma mu huta da labarin Bayamanenka."

Na mayar masa da kiran da 'yan Sudan ke yi wa juna, na ce, "Na yarda, ya zol. Ka shirya jira har tashin ƙiyama."

Jirgi dai jirgi ne, ba abin da zan faɗa a kansa sai cewa ƙafafuna sun kumbura kamar burodi. A filin jirgin Saigon aka fara wasa. Mu goma sha biyu, baki ɗaya, kamanni ɗaya, muka miƙa fasfo iri uku: na Saudiyya, na Sudan, na Najeriya. Jami'in ya duba mu, ya duba fasfo, ya kira abokinsa, shi ma ya duba. Malam Idi ne mai na Najeriya, sai abokin ya washe baki yana yi masa alamar buga ƙwallo da ƙafa. Malam Idi kuwa a Makka aka yanke cibiyarsa, bai taɓa taka Najeriya ba, ƙwallo kuma haram yake ganinta idan ta zo daidai da magariba. Ya dai gyaɗa kai yana cewa na'am, na'am, aka buga masa hatimi.

A wajen binciken kaya aka buɗe jakar matata, Hajiya Zulai, aka ciro wata roba cike da jan gari. Yajin tsire ne, da hannunta ta daka. Jami'in ya buɗe, na ɗaga hannu in hana shi, ina, ya riga ya kai hanci. Atishawa ta farko hularsa ta karkace. Ta biyar ya rufe robar da kansa yana hawaye, yana kaɗa mana hannu mu wuce. Hajiya ta ce, "Allah sarki, ko in ɗiba masa?"

A bakin ƙofa muka sami ɗan rakiyarmu, Malam Yusuf, ɗan siriri da farar hula. Musulmi ne, daga wata ƙabila da ake kira Cham, kuma a Madina ya yi karatu. Larabcinsa na littafi ne tsantsa. Idan ya ce mu hau mota sai ka ji kamar liman ne a kan mumbari, har ka ji kana son cewa amin. Mu kuma da muka sako masa Larabcin Jidda sai ya yi ta kallon bakinmu, yana neman inda muka jefar da rabin haruffan.

Saigon garin babura ne. Ban taɓa ganin irinsu ba, kamar an buɗe buhun fara. Mutum da matarsa da 'ya'ya biyu da tukunyar fure, duk a kan babur ɗaya. Malam Yusuf ya ce idan za mu tsallaka titi kada mu tsaya, kada mu yi gudu, mu tafi a hankali, su za su kauce. Na ce masa a Jidda wanda ya gwada haka bayan isha ake yi masa salla. Muka shiga. Ban san lokacin da na damƙe hannun Hajiya ba.

Ta kira ni da sunan ɗanmu yadda ta saba, ta ce, "Abu Faisal, sake ni mana, mutane na kallo."

Na ce, "Hajiya, ba soyayya ba ce, tsoro ne."

Ta ce, "Ai na sani. Shi ya sa na ce ka sake."

A babbar kasuwar garin na fara nuna aikina. Matan ayari suka ga malafar nan tasu mai tsini, kowa na so. Yarinyar shagon ta danna kuɗi a na'urar lissafi ta nuna mini, sifiri ya yi layi kamar motoci a hanyar Makka, don kuɗinsu haka yake, mai shan shayi ma da dubbai yake biya. Na karɓi na'urar na danna kashi ɗaya cikin uku. Ta dafe ƙirji. Na juya malafar, na sami inda zare ya ɗan fita, na yi tsaki. Sannan na zaro babban makamina, wato tafiya. Ka ajiye kaya a hankali, ka juya baya, ka fara takawa kamar ba ka taɓa son abin ba. Ɗaya, biyu, uku. A ta huɗu na ji an ja mini hannun riga. Malafa goma sha biyu muka fita da su a kai, a farashina. Da muka isa masauki, abin da Usman ya samu na faɗa kawai shi ne tasa ta matse shi.

Abinci kuwa sai da muka yi yaƙi kafin mu shirya. Da safe ina jiran ful da tamis, waken nan da burodinmu na Jidda, sai aka dire mini kwano cike da romo da taliya da ganye, ga tsinke biyu wai da su zan ci. Na kama su kamar mai saƙa, taliyar ta zame ta koma gida. Na sake, ta fantsama a rigar Malam Idi. A ƙarshe na nemi cokali, na sha romon, na bi taliyar da hannu, bismilla. Akwai kuma wani ruwan kifi da suke ɗiga wa komai, warinsa kamar an jiƙa daddawa da busasshen kifi an manta da su a rana. Ranar farko na toshe hanci. Ranar uku ni ke ɗaga kwalbar ina neman ƙari, Hajiya tana matsar da kujerarta.

Rana ta uku muka kama hanyar kudu a bas, zuwa inda kogin Mekong ke rarrabuwa kafin ya shiga teku. Shinkafa kore shar hagu da dama, kuma a tsakiyar gona sai ka ga kabari an yi masa fenti, manomi na aiki kusa da kakansa. Ruwa ko'ina. Mu da a Jidda sai mun bi layin tanka idan famfo ya ɗauke, kuma ranar da aka yi ruwan sama ake rufe makarantu, ga mutane ruwa na wucewa ta ƙarƙashin gadonsu. Launinsa kamar shayi da madara. Usman ya ce bai kai kogin Nilu na ƙasarsu ba. Na ce ya zol, ko kofin ruwa aka ba ka sai ka ce bai kai Nilu ba.

A hanya gidajen shayinsu ba kujeru, raga ce ake ɗaurewa tsakanin ginshiƙai biyu, ka kwanta a ciki kana lilo a kawo maka kofi. Shiga ba wuya. Fita ce aiki. Na juya dama ta juya da ni, na juya hagu ta naɗe ni kamar kifi. Sai da direba da Malam Yusuf suka kama ni, ɗaya kai ɗaya ƙafa, irin yadda muke sauke buhu a tasha.

Kwana biyu muka yi a ƙauyuka. An kai mu inda ake dafa alewar kwakwa, mata na naɗe ta da takarda hannunsu ba ya ganuwa don sauri. An ba mu shayi da zuma a cikin lambu. A nan ne mai lambun ya fito da wata mesa, wai a rataya a wuya a ɗauki hoto. Malam Idi, wanda kullum yake mana wa'azi cewa mumini ba ya tsoron kowa sai Allah, muka waiga babu shi. A cikin bas muka same shi, ya kulle ƙofa, wai ya zo duba carbinsa. Ban yi masa dariya da yawa ba, don gaba kaɗan aka kawo mu wata gada, gora ɗaya tal a kan rafi, da wata gorar a sama ta riƙewa. Hajiya Zulai ta tattare abayarta ta haye kamar a tsakar gidanmu. Ni na kai tsakiya gorar ta fara magana. Na durƙusa, na ƙarasa da rarrafe, wasu tsofaffin mata a gaɓa suna tafa mini.

Ranar Juma'a Malam Yusuf ya kai mu garinsu. Gidaje a kan dogayen ƙafafu, masallaci fari da kore a bakin kogi. Da aka ji daga Jidda muke, ƙofar Makka, tsofaffi suka kewaye mu suna shafa hannun rigunanmu. Kunya ta kama ni, ni da tsakanina da Haramin Makka tafiyar awa ɗaya ce amma sai in yi wata uku ban je ba. Wani dattijo marar haƙori da ya taɓa zuwa hajji ya riƙe hannuna ya ce, "Ruz bukhari!" Sunan dafaffiyar shinkafar nan tamu, abin da ya rage masa na Larabcin kasuwa ke nan. Na ce, "Yana nan, ya hajj, yana gaishe ka." Suka ciyar da mu naman sa har muka kasa tashi.

Duk wannan tafiyar ina kan mulkina. Alewa, zuma, zannuwan saƙa, babu abin da aka saya a farashin farko. Saura kasuwa ɗaya, wadda aka zo dominta.

A garin Kanto muka kwana, a wani gidan katako a bakin ruwa, kowane gado da gidan sauro. Muna idar da asuba aka zuba mu a jirgin ruwa mai inji. Aka raba rigunan ceto, tawa ta ƙi haɗuwa a kan tumbi, matuƙin ya ɗaure mini ita da igiya kamar akuya. Gari na fara haske muka shiga kasuwar.

Jama'a, abin sai wanda ya gani. Jirage manya da ƙanana sun cika kogi, kowanne an zana masa idanu biyu a goshi. Wannan kankana, wancan kabewa, wancan dankali. Ana jefa kabeji daga jirgi zuwa jirgi ana cafewa, ni da na yi dako na san gwanaye idan na gan su. Kuma ba mai talla da baki. Kowane jirgi ya kafa doguwar gora, ya rataya abin da yake sayarwa a samanta, daga nesa ka san wurin wanda za ka. Usman ya nuna wani jirgi da aka shanya wanduna ya ce a tambaya masa kuɗin shuɗin. Malam Yusuf ya ce wannan wankin masu jirgin ne, a ciki suke kwana. Wata mata ta zo da ƙaramin kwalekwale ta maƙala ƙugiya a jikin namu, ta zuba mana kofi mai zafi, ruwa na rawa, ko ɗigo bai zube ba.

Sai na hango abarba a saman wata gora. Shuɗin jirgi ne, da tukunyar fure rawaya a gaba, abarba tsibi guda. Mai ita dattijuwa ce, gajera, fuska duk murmushi, tana gyara tsinken turare da ta kunna a goshin jirgin. Na gyara malafa na ce wa ayari, "Ku buɗe ido, yau za ku ga karatu."

Da muka matsa ta taso da murna kamar ta ga ɗan'uwa. Ta zaɓo babba ta miƙo mini da hannu biyu, ta nuna kuɗin da yatsu. Gaskiya ko a lokacin na san ba tsada. Amma Usman na bayana yana numfashi a wuyana. Na nuna kashi ɗaya cikin uku. Murmushin ya ragu. Ta ɗan sauko. Na latsa abarbar, na shinshina, na yamutsa fuska, na ɗauki wata na ajiye, na ɗauki ta uku. Ta sake saukowa kaɗan, tana magana da sauri. Malam Yusuf ya taɓa kafaɗata ya ce, "Ya ammi..." Na ce, "Bari, ɗana, wannan fagena ne." Na ajiye abarbar a hankali, na juya baya, na ce wa matuƙi, "Yalla."

Abin da ban lissafa ba, a tudu kai ke da ƙafarka. Kana iya rage taki, kana iya tsayawa gyara takalmi. A ruwa kuwa inji ne da igiyar kogi. Na ƙirga ɗaya, biyu, uku, kafin in kai huɗu mun yi nisan da ko ta kira ba zan ji ba. Na saci kallo. Sai na ga ta yagi takardar jarida ta kunna mata wuta, tana zagaya ta a kan abarbar, daidai inda hannuna ya taɓa, bakinta na motsi. Sannan ta jefa a ruwa.

Na ce, "Kun gani? Har da wuta take kirana. Matuƙi, juya, ta sauko."

Malam Yusuf bai yi dariya ba. Ya ce, "Ya ammi, ba kiranka take ba. Korar ka take. Kai ne mutum na farko da ya taɓa kayanta yau. A nan, wanda ya fara zuwa shi ke buɗe ranar. Idan ya saya da sakin fuska, suna ganin kasuwa za ta yi kyau. Idan ya taya ya lalatsa kaya ya tafi, sun ɗauka ranar ta mutu. Shi ne suke ƙona takarda, wai ta kore abin da ya bari."

Malam Idi ya ce, "Camfi ne. Arziki na Allah ne."

Haka ne, arziki na Allah ne. Amma ni na san wannan abin, sunansa kawai suka canza. Istiftahi ne. Cinikin farko. A Balad idan na ɗaga ƙofar shago na ce ya Fattahu ya Razzaƙu, mutumin farko ko nawa ya ba ni ba na mayar da shi. In karɓi kuɗin in sumbata in kai goshi. Mahaifina ya faɗa mini a zamaninsu wanda ya yi istiftahi idan mai saye na biyu ya zo, sai ya tura shi wurin maƙwabcin da bai buɗe ba tukuna. Kuma wanda zai zo da sassafe ya birkita maka kaya ya taya ya tafi, mun san sunan da muke kiransa da shi bayan ya juya. Mai farar ƙafa. Ni da bakina na sha faɗa. Yau ga ni na tsallako teku na zama shi, da malafa a kai.

Usman ya matso, muryarsa har da zuma. "To mene ne? Ba ka biya ba, ba ta ci ka ba. Sunanka na nan. Mu wuce mu sha romo." Ya san abin da yake yi, ɗan banza. Idan na koma, ba bakin sake tayawa, sai dai in biya abin da ta faɗa da farko, a gabansa.

Hajiya Zulai ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Abu Faisal, sunan da za ka kai gida ke nan?"

Na ce wa matuƙi ya juya.

Juyawa ba wuya, samun ta ne aiki. Jirage sun motsa, wuri ya canza, kuma ashe masu abarba a gora sun fi goma, rabinsu shuɗaye. Rana na hawa, Malam Yusuf ya ce da ta yi zafi kasuwar ke watsewa. Muka je wurin wannan, namiji ne. Muka je wurin waccan, yarinya ce da jariri. Ina tsaye a gaban jirgi da igiyata a ciki ina leƙe, Usman na cewa, "Ga wata can, je ka ɓata mata ita ma." Allah ya taimake mu da mai kofin nan ta sake giftawa. Malam Yusuf ya kwatanta mata tukunyar fure. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce wani abu, matuƙinmu ya fashe da dariya. Ashe labari ya riga ya zaga kogi. Ta ce ai Inna Bakwai ce, ta koma can gefen gada. Su a can da lambar haihuwa ake kiran mutum, kamar yadda muke cewa Auta ko Gambo.

Muka same ta zaune ta ba kogi baya, tsibin abarba yadda na bar shi. Da ta waigo ta gan ni, sai ta laluba aljihu ta ciro ashana ta riƙe. Matan jiragen kusa suka kwashe da dariya.

Na cire malafa na dafa ƙirji. Na ce, "Malam Yusuf, faɗa mata ni ma mai shago ne. Faɗa mata abin da na yi, a garinmu ma abin kunya ne. Ta ba ni goma sha biyu, a kuɗin da ta faɗa da farko."

Bayana na ji Usman ya ce, "Allahu akbar! Jama'a ku shaida!"

Ta mayar da ashanar aljihu. Sannan ta karɓi kuɗin, ta kaɗa su a kan abarbar, gaba da baya, kamar mai fifita wuta. Wallahi saura kaɗan ta kai goshi. Ta yi magana, Malam Yusuf ya fassara: ta gode, amma masu sari sun riga sun tafi, yanzu saura masu ɗaukar hoto, su kuwa ɗaya suke saye su raba su huɗu.

Ban san abin da ya shiga kaina ba. Na tattare riga na ɗaga ƙafa. Jirginmu ya yi baya, nata ya yi gaba, na rabu biyu a tsakani ina salati, sai da ita da Hajiya suka ja ni, ɗaya ta igiya ɗaya ta tura. Na tsaya a kan tsibin abarba, na ɗauki ɗaya a kowane hannu, na buɗe muryar da na yi shekaru ina kiran alhazai da ita.

"Asal ya ananas! Zuma ce, ba abarba ba! Matso, ya hajj! Matso, hajiya! Wanda ya wuce ya yi asara!"

A kasuwar da ba a talla da baki, ga baƙin tsoho da farar riga da tumbi ɗaure da igiya yana kururuwa da harshen da ba wanda ya sani. Jiragen 'yan yawon buɗe ido suka fara juyowa ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya ɗaga waya zai ɗauke ni sai in rufe fuska da abarba in nuna masa yatsu: saya tukuna. Inna Bakwai na feraye da wata 'yar wuƙa, hannunta kamar walƙiya, Hajiya na miƙawa, Malam Idi da ya ce camfi ne shi ke riƙe jiragen da ƙugiya. Wani ƙaton Bature ya nuna mini rabin kuɗi. Na ce, "Ittaƙillah! Ka san wahalar da aka sha kafin ta nuna?" Bai ji ko kalma ba, amma ya biya.

Sai ga Usman ya miƙo hannu daga jirginmu, wai shi ma a ƙara masa biyu, ya nuna kashi ɗaya cikin uku. "Ai kai ka yanka wannan farashin ɗazu."

Na ce, "Wani marar kunya ne ya yanka shi da safe, kuma an kore shi da wuta. Biya, ya zol, ko ka matsa, akwai mutane a bayanka."

Ya biya.

Ba mu sayar da duka ba, kada in yi ƙarya, amma sai da katakon jirgin ya bayyana. Rana ta yi zafi, kasuwa ta fara watsewa. Inna Bakwai ta sauke gorarta, ta kwance abarbar da ke rataye a sama, ta feraye ta, ta yanka, ta miƙo mini kashin farko. Na zauna a bakin jirgi, gumi har cikin takalmi, ruwan abarba na bin gemuna. Ban taɓa shan mai zaƙinta ba.

Usman ya miƙe ya gyara murya. "Jama'a, ya biya farashin farko, sannan ya yi wa mai kaya aiki kyauta. A tarihin ciniki ba a taɓa cin mutum irin wannan ci ba. Ya Takari, sauka."

Na ce, "Na sauka. Kai ne bakin ayari. Allah ya ba ayari haƙuri."

Aka mayar da ni jirginmu kamar yadda aka fito da ni, da ja da turi. Matuƙi ya tayar da inji. Mun fara nisa sai Inna Bakwai ta miƙe ta kewaye baki da hannu ta ƙwala magana, matan jiragen kusa suka sake fashewa. Na ce, "Malam Yusuf, me ta ce?"

Ya gyara hula, ya fassara da muryar nan tasa ta huɗuba. "Ta ce, ya kai dattijo, gobe ma ka dawo. Sai dai ka bari wani ya riga ka."

Har muka sha kwanar gada ana jin dariya a kan ruwa, kuma tawa ta fi ta kowa ƙarfi.